Ƙasar da Malama Ta Raba

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamarmu, wadda ɗalibanta da ma'aikatan gandun daji suka fi sani da Malama Mai Bokiti. Ta rasu a gidanta bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ina cikin rumfar da nake renon dashen itatuwa, tiyo a hannuna, autarta ta kira ni a waya. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Anti, Mama ta cika." Na tsaya ruwa yana zuba a kan ƙafafuna, na kasa ko rufe famfo.

Malama, na san an yi ta tambaya me ya hana ni rubutu, ni da bakina ba ya shiru. Wasu sun rubuta nasu tun a makon farko. Ni kuwa na ƙi ɗaukar alƙalami ne don akwai aikin da ke tsakanina da ke wanda bai ƙare ba. Kin tafi kin bar ni da dubban dashen bishiyar doka a cikin leda, suna jiran ƙasar da kika yi musu alkawari, ga damina tana ƙaratowa. Ban so in zo miki hannu rabbana. Yau ina da labarin da zan ba ki, amma bari in fara gaya wa waɗanda ba su san ki ba ko ke wace ce.

Na fara ganinki a makarantar koyon aikin gandun daji, muna sababbin ɗalibai. Muna zaune mun buɗe littattafai, sai ga wata doguwar mace ta shigo da tsohon bokitin roba, shuɗinsa ya koɗe, an ɗaure masa hannu da waya. Wallahi na ɗauka mai goge aji ce. Kika ce mu rufe littattafan mu biyo ki waje. Kika ɗebi ƙasa a wurin ajiye motoci, kika ɗebi wata daga cikin bokitin, kika ce kowa ya sansana. Muka yi ta ƙunshe dariya. Ta farkon ba ta da wani wari sai na ƙura. Ta bokitin kuwa baƙa ce, mai laushi, tana ƙamshin ruwan farko.

Kika ce, "Waccan ƙasa ce kawai. Wannan kuwa birni ne, da masu shara, da masu haƙa, da masu dako. Ku gaishe su."

A ranar kika nuna mana tana da ke huda wa ruwa hanya, da gara da ke cinye busasshen reshe ta mayar da shi taki, da ƙadandoniya da ke niƙa ruɓaɓɓen ganye. Daga ƙarshe kika ɓare wani dunƙule a tafin hannunki, kika nuna mana wasu fararen zarurruka, sirara kamar na auduga. Kika ce dangin laimar kwaɗi ne, laimar da muke gani da damina kanta ne kawai ya leƙo waje, ainihin jikin yana ƙasa. Zarurrukan nan suna naɗe saiwar bishiya, su miƙa nesa inda saiwar ba ta kaiwa, su kawo mata ruwa da abinci. Ita kuma ta biya su da zaƙin da ganyenta ya haɗa daga hasken rana. Cuɗe ni in cuɗe ka, in ji ki, tun kafin a halicci mai faɗin karin maganar.

Ban manta ranar da kika tsayar da motar makaranta a tsakiyar filin kiwo ba. Direba ya taka birki muka yi karo da juna, muna zaton wani abu ya faru. Ashe buzuzu ne yake tura dunƙulen kashin shanu yana tsallaka hanya. Kika ce ma'aikaci ne yana bakin aikinsa, a bar shi ya wuce. Muna jira kina bayani: shi yake binne kashin, ciyawa ta samu taki, ƙuda ya rasa wurin ƙwai, shanun su samu lafiya, makiyayi ya samu nono. Direban ya yi ta gunaguni har muka dawo. Amma bayan shekaru na shiga motarsa, na ga da idona ya kauce wa buzuzu, ya kuma yi kamar ramin hanya ya kauce wa.

Babban alherinki a kaina ya zo ne a lokacin da na fi buƙatarsa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, na bar aikin gwamnati na buɗe wurin renon dashe a bayan gari. Na yi niyyar in yi abin da ya gagari mutane, in reni doka. Don gudun cuta na soya ƙasar a cikin ganga a kan wuta, kamar yadda ake yi wa ƙasar renon tumatir. Irin ya tsiro kyau, na fara taƙama. Daga nan suka tsaya cak. Ganyen ya yi rawaya, na zuba taki, na ƙara ruwa, na rage ruwa, duk a banza. Ban kira ki ba, don kunya. Wata ce ta kai miki labari, sai ga ki da bokitinki ranar Asabar.

Kika ɗebi ƙasar, kika kai hanci, kika dube ni. "Uwar Garaje, kin dafa ta ko?"

Na ce na dafa, don in kashe cuta.

Kika ce, "Kin kashe ɓarawo, kin haɗa da mai gadi da mai kawo ruwa."

Ba ki ƙara ko kalma ɗaya ta faɗa ba. Kika sa ni a mota muka tafi tsohon kurmin da ke gefen dutse, inda manyan doka suka yi rumfa har rana ba ta taɓa ƙasa. Muka ɗebo ƙasar gindinsu. Kika nuna min yadda ake sa wa kowace leda ɗan kaɗan kusa da saiwa, kika ce ai madara ba ta zama nono sai an ɗiga mata na jiya. Duk Asabar kina zuwa, ki duba dashen, ki duba yarana, ki tambaye ni ko ina cin abinci. Kafin ƙarshen damina rumfata ta yi kore shar. Da wannan sana'ar na yi wa 'ya'yana karatu, kuma ban taɓa gode miki kin bar ni na kai ƙarshen maganar ba.

Sai aka ba wani kamfanin fasa dutse kurmin. Kin yi rubuce-rubuce, kin shiga ofis-ofis, kin roƙi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, ba a saurare ki ba. Ni na yi ta zage-zage har muryata ta dishe. Ke kuwa, da kika ga magana ta ƙare, sai kika sayi tsofaffin ganguna kika sa aka raba su biyu. Katafila tana ture itatuwa ta gaba, mu muna ta baya muna tono ƙananan doka da ƙasarsu. Kika ce zarurrukan ba sa rayuwa sai da saiwa mai rai, don haka ba ƙasa kaɗai za a ajiye ba, sai an ajiye ta da masu gidanta.

Haka bayan gidanki ya koma. Ganguna jere a inuwar katanga, cike da ganye ruɓaɓɓe da ciyayi da tururuwa, ba a shara, ba a cire komai. Wanda bai sani ba zai rantse bola ce. Maƙwabta sun yi ƙorafin sauro, 'yan'uwanki sun yi ƙorafin maciji, kina jin su kina murmushi. Abin da ya rage na wancan kurmin a duniya ke nan.

A nan ne muke samun saɓani ni da ke, kuma mun daɗe muna yi. Duk wanda ya zo gidanki, ko gaisuwa ce, ko kuskuren gida ya yi, ba zai fita ba sai da dashe a hannu da dunƙulen ƙasar nan. Nakan ce, "Haba Malama, ƙasar da ba ta da na biyu kike rabawa kamar alewa? Akuya za ta cinye kafin Juma'a." Ki ce min, "Ke dai ba ki san daɗin kyauta ba." Sharaɗinki ɗaya ne ga kowa, kina raka shi har ƙofa kina nanatawa: ba a sharar gindin bishiyar nan, ganyen da ya faɗi a bar mata kayanta. Ni kuwa na san mutanenmu da tsintsiya. A raina na riga na yi wa dashen nan duka sallar gawa.

Bara kamfanin ya gama cin dutsensa ya kwashe kayansa, ya bar wani ƙaton fili tsirara, ruwa na zaizayarsa. Da ƙyar ƙungiyarmu ta masu renon itatuwa ta samu izinin sake dasa wurin. Ranar da takardar ta fito kika kira ni, muryarki kamar ta yarinya, kika ce, "Za mu mayar da su gidansu." Abokan aikinki na nesa suka aiko da iri, na shuka, suka tsiro. Muka yi shawara sai dab da damina za mu ɗebi ƙasar gangunan mu sa musu. Ana iya aiko da ƙasa daga wani daji mai nisa, amma zafin hanya yakan kashe abin da ke cikinta, kuma ko ta iso da rai, kin sha gaya mana kowane daji da nasa mazauna. Dazuzzukan kusa kuwa duk sun zama gawayi. Gangunan nan su ne madogararmu. Sai ciwo ya kwantar da ke.

Yanzu zan gaya miki abin da ya faru a bayanki, kuma da izinin babban ɗanki nake faɗa, shi ya ce kada in ɓoye komai.

Ranar rasuwar gidan ya cika ya batse. Ɗanki ya iso daga birnin da yake aikin gine-gine, ya ga dattawa a tsaye cikin rana babu wurin zama. Ya zagaya baya, ya ga abin da kowa yake gani, wato bola. Ya kira leburori da motar kwashe shara, aka juye gangunan, aka share wurin tas, aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi. Don ya mutunta baƙinki ya yi. Ni ina ɗaki cikin mata, ban san wainar da ake toyawa ba. Washegari da safe na ɗauki butar ban ruwa na zagaya, kamar yadda nake yi tun da kika kwanta. Na tarar da fili fes, har an yayyafa ruwa don ƙura.

Na bi motar har juji. Na tarar an tura wata sharar a kai, wuta tana ci. Na tsaya cikin hayaƙin nan na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarki.

Na dawo gidan da niyyar in yi masa wankin babban bargo, kin san halina. Na same shi a bakin rumfar yana karɓar gaisuwa. Na buɗe baki, sai na ga idanunsa, naki ne sak, sai na fasa. Shi ne ya lura da hannuwana duk toka, ya ce, "Anti, lafiya?" Na gaya masa a hankali yadda zan iya. Na gaya masa abin da ke cikin gangunan, da dashen da ke jira, da filin da za a mayar da su. Ya sulale ya zauna a ƙasa, babban mutum da shi, ya ce, "Shekarun nan duka tana raya abu, ni na kashe shi a wuni ɗaya." Wallahi a lokacin na manta da dashen, shi na fi tausayawa.

Akwai wani dattijo a gefen tabarmar, telan da ke da shago a bakin titinku, wanda ya daɗe yana yi miki ɗinki. Ashe yana jin mu. Ya gyara zama ya ce, "Wai ƙasar nan ta bokiti kuke wa kuka? Ai akwai ta a ƙofar shagona. Malama ce ta ba ni ita tare da bishiyar, tun bishiyar tana kamar tsinke."

Na ce, "Baba, ai an share ta tuni."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Shara? Wa ya isa? Shekara nawa ina rigima da masu sharar titi a kan ganyen nan. Ta ce kada a share, ni kuwa ban tambaye ta dalili ba."

Bokitinki ya tsira, don yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar kicin. Ɗanki ya ɗauko shi, muka bi dattijon. Na sha wuce shagon nan a mota ban taɓa ɗaga kai ba. Ga doka ta fi rufin shagon tsawo, an kewaye gindinta da tsofaffin tayoyi, ganye ya taru ya yi kauri. Na durƙusa na yaye ganyen, na sa yatsu na tona. Ƙamshin ne ya fara bugun hancina, na wancan kurmin, ban taɓa mantawa da shi ba. Na ɓare dunƙulen, ga fararen zarurrukan nan sun yi saƙa. Na miƙa wa ɗanki na ce ya sansana. Ya sansana, ya rufe fuska da hannu ɗaya. Masu wucewa suka tsaya suna kallon mutum uku a durƙushe gaban shagon tela suna kuka a kan ƙasa.

Dattijon nan ba ya riƙe magana, Allah Ya saka masa da alheri. Kafin yamma labari ya zaga. Daga washegari masu zuwa gaisuwa suka fara shigowa da ƙullin ƙasa a hannu. Ungozomar asibitin unguwa ta kawo tata a gwangwanin madara. Shugabar makarantar firamare ta kawo a leda, ta ce itatuwansu guda uku ne a bayan aji, kuma duk ɗalibin da ya kai tsintsiya wurin ya san sauran. Bakanike ya kawo a murfin taya. Tsohon direbanmu na makaranta ya zo yana dogara sanda, da tasa a cikin hularsa. Akwai wata mata da ba wanda ya san ta, ta ce kuskuren gida ta yi shekarun baya, ta fita da bishiya. Baƙin da suka zo daga nesa suka yi ta kallon ikon Allah, ana shigowa gidan makoki da ƙasa ana ajiyewa a gaban ɗan mamaciya.

Ba duka ce mai rai ba. Wasu bishiyarsu ta mutu tuni, wasu an share gindin har ya yi ƙyalli, abin da suka kawo ƙura ce kawai. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, don ba ƙasar kaɗai suka kawo ba. Amma masu ran sun fi yawa nesa ba kusa ba, har sai da na riƙa roƙon mutane kada su ɗebi fiye da cikin tafi, kada a cuci bishiyar. Malama, akuya ba ta cinye ba. Kin ci wannan gardamar, kuma na so a ce kina nan ki yi min dariya.

Ɗanki ya ƙara hutu a wurin aikinsa. Ya zo rumfata ya cire takalmi ya naɗe wando, muka haɗa ƙasar a bokitinki, muna bi leda leda muna sa wa kowace ɗan kaɗan kusa da saiwa. Aiki kawai yake yi, bayansa ya yi ciwo bai faɗa ba. Daga nan sai jira. A lokacin dashen sun fara yin rawaya, kuma ba wanda zai iya cewa ko za su karɓa. Kullum da safe sai ya kira ni, bayan gaisuwa ya tambayi dashen, in ce masa tukuna.

Jiya na kasa haƙuri. Na ɗauki leda ɗaya daga tsakiyar layi na yage ta, na karkaɗe ƙasar a hankali. Kowace ƙaramar saiwa ta sa farar safa ta zarurrukan nan. Na yage ta biyu daga can ƙarshe, haka. Na ɗaga kai na dubi rumfar da kyau, sai na ga sabon toho ja-ja a kan dashen, irin wanda doka take yi idan ta samu lafiya. Na kira ɗanki, wannan karon ni na riga shi. An yi ruwa mai kyau shekaranjiya, ƙasa ta jiƙu. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu mayar da su gidansu.

Ya zo da yamma ya gani da idonsa. Da zai tafi ya ce in ba shi guda ɗaya, zai dasa a bayan gidanki, inda gangunan suke a da. Na zaɓa masa mai ƙarfi, na raka shi har mota. Na buɗe baki zan faɗi sharaɗin, sai ya riga ni. Ya ce, "Na sani, Anti. Ba a shara."

Labarin da na tsaya jira ke nan, Malama. Na gode. Na gode da ranar da kika sa mu rufe littafi, na gode da Asabar ɗin da kika zo ban kira ki ba, na gode da kika ƙi jin maganata. Yau dai ba ki da ikon katse ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babban ɗanki da autarki da jikokinki, da ƙannenki mata da suka yi jinyarki, da ɗalibanki da ke warwatse a dazuzzuka da makarantu, da duk mai bishiya a ƙofar gida wadda ba a share gindinta. Kai kuma ɗana, ka sauke nauyin nan daga zuciyarka. Ka yi abin da ka yi ne don girmama mahaifiyarka, kuma da hannunka aka gyara. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta baki ɗaya.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta Ka yalwata shi. Duk tsuntsun da zai sauka a kan itatuwan nan, duk matafiyin da zai sha inuwarsu, duk ƙaramar halittar da za ta samu gida a ƙarƙashinsu, Ka rubuta mata ladan. Ta tausaya wa ƙasa duk tsawon rayuwarta, yanzu tana cikinta. Ya Allah, Ka sassauta mata ita. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.